An Haɗa Da Kyaftin

Tun ina saurayi nake buga wa ƙungiyar nan ƙwallon kwando. Manyan ƙungiyoyi sun zo zawarcina, na ce ba inda za ni.

Da tauraronmu, Ɗan Gwal, ya tubure sai an sayar da shi, ni koci ya tura in lallashe shi. Na same shi a ɗakin canza kaya, na yi ta yi masa wa'azin riƙon amana.

"Yaya, kai ka auri ƙungiya," ya ce. "Ni aiki na zo yi."

Ranar Litinin na zo atisaye, na tarar da mai wankin riguna yana ɓamɓare sunan Ɗan Gwal daga jikin kabad. Da ya gama, sai ya matso kan nawa, ya ƙi yarda mu haɗa ido.

Na wuce ofishin manaja.

"Masu saye sun ce sai an ɗora musu gogaggen ɗan wasa," ya ce. "Kai kuwa, Kyaftin, mun san ba ka da gardama."

A filin nan na ƙarar da gwiwoyina. Ashe gyara aka yi da ni, irin wadda ake ƙara wa mai sayen tumatir.