Manhajar da Ke Tashi da Kanta

"Daga yau babu ɗan'adam ɗin da zai sake taɓa kwamfutar nan," in ji Yaya, yana shafa tsohuwar na'urar da ya ajiye ƙarƙashin talabijin ɗin Baba. Ya zuba mata duk bidiyon gidan, ya saita manhajar ta riƙa aiki a bayan fage. Ko an ɗauke wuta, ana kawowa za ta tashi da kanta. Haka ake yi a manyan kamfanoni.

Tana tashi kuwa, da zarar wani ya zo ya shigar da kalmar sirri.

Wanin nan ƙanwarsa ce, malamar lissafi, wadda ta yi rashin sa'ar koyarwa kusa da gida. Tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ba ya buɗe baki ya ci abinci sai ya ga marigayiya Mama a talabijin tana yi wa mai ɗaukar hoto faɗa. Maganinsa kuma sai bayan abinci. Mai jinyarsa ta taɓa gwada kalmar sirrin, haruffa ashirin da alamomi, ta kulle kwamfutar yini guda.

Sau ɗaya malamar ta gaya wa Yaya abin da ke faruwa. Ya yi minti arba'in yana bayyana mata dalilin da ya sa hakan ba zai yiwu ba, har da zane a bayan takardar asibiti.

Shugabar makaranta ba ta yi zane ba. Cewa kawai ta yi, idan malama ta sake fita ana tsakiyar darasi, za a ba wani malami ajinta na ƙarshe, yaran da ta raina shekara uku, saura wata biyu su zauna jarrabawa.

Ranar Talata wuta ta ɗauke da ƙarfe sha ɗaya, ta dawo. Mai jinya ta kira: Baba ya juya fuska bango, kwano na hucewa. Malamar ta bar lissafi rabi a allo, ta ce wa yara tana zuwa.

A gida, tana durƙushe gaban kwamfutar ta shigar da kalmar sirrin, muryar Mama ta cika ɗakin. Baba ya juyo, ya buɗe baki.

Wayarta ta yi ƙara. Yaya ne daga ofis, ya duba ta wayarsa ya ga komai na tafiya.

"Kin gani ko, Auta? Minti ashirin kacal ta ɗauka. Sai na ɗan rage mata lokacin."

"Allah ya ƙara basira, Yaya."

Da ta koma, ta tarar da sabon malami a gaban allonta yana goge lissafin. Ta ɗauki jakarta daga kan tebur. A bakin ƙofa ta tsaya, ta gaya masa akwai yarinya a layi na uku da ba ta gani sosai, ya riƙa yin rubutu manya-manya.