Ƙwan Gauraka

Tun farkon damina nake zuwa fadamar nan, in laɓe cikin ciyawa ina kallon wasu gauraki biyu da suka yi sheƙa a gefen ruwa. Uwar na kwance kan ƙwai, ni kuwa ko tari ba na yi. Da zumuntar matasan cocinmu ta shirya ziyarar addu'a zuwa wurin, don a ruwan ne aka yi wa kakanninmu baftisma, Yayana, wanda shi ne shugaba, ya ce ni zan zagaya da su in nuna musu halittun Ubangiji.

Abu ɗaya na roƙe shi. "Yaya, don Allah kada kowa ya sauka bakin ruwa sai na iso."

"Haba Auta, mu yara ne?"

Su suka yi gaba a babbar mota. Tamu, mai ɗauke da tukwane da kujerun roba, tayarta ta yi faci a hanya, muka sha zama a rana.

Mutanenmu ba su iya ganin ciyawa su ƙyale ba. Kowace Asabar ana share harabar coci kamar za a lashe ta, kuma ba a fara addu'a a wuri sai an gyara shi. Ashe da adduna da lauje suka taho, a ƙarƙashin kujeru.

Ko da muka iso, aikin gama ya gama. An aske bakin fadamar ƙwal. Bado an janyo shi tudu an tara, yana yaushi. Kwaɗi na ta tsalle a fili ba wurin ɓuya, 'yan mata na bin su da tsintsiya suna dariya. Can nesa gaurakin suna tsaye cikin taɓo, suna wannan kukan nasu mai kama da ƙaho.

Yaya ya taho yana share gumi, fuska cike da fara'a. "Kin ga yadda wuri ya yi kyau? Da kamar ba na ibada ba."

Da mugunta suka yi, da na san wanda zan zaga. Amma hannuwansu duk ƙaiƙayi da yanka, kuma da waƙa suka yi aikin. Wannan ne ya fi ci mini rai, har yau.

Aka kafa rumfa, aka shimfiɗa farin ƙyalle a teburi. Sai ga mai kaɗa mana ganga ya nufo ni a hankali, riƙe da hularsa hannu biyu.

"'Yar'uwa, Shugaba ya ce kina ji da su. Tun da safe na ɗauke miki, na ajiye a inuwa kada a taka."

Na sa hannu cikin hular. Ƙwan gaurakar ne, sun yi sanyi.