Kuɗin Ɗaure Akuya

Tun shekarar da fari ya ƙone gero a Damagaram Takaya, Inno ta kwaso 'ya'yanta ta zo Zinder, ta kafa bukka a filin Alhaji Mai Nasara. Shekara goma sha ɗaya tana biyan haya, ita da maƙwabtanta.

Da aka sake yin fari, mutanen ƙauye suka cika gari, sai Nomau, wakilin Alhaji, ya shiga ƙirƙiro kuɗaɗe. Yau kuɗin rijiya, gobe na shara. Ranar da ya ce ɗaure akuya ma sai an biya, Inno ta ajiye taɓarya.

"Malam Nomau, rubuta mini a takarda."

"Iya, karatu kika iya? In ba ki biya, ga masu jiran wurin."

Inno ta miƙe. Ta bi bukka-bukka ta tattaro mata bakwai, suka nufi wurin alƙali. Kwana uku suna zaune a ƙofa ana ce musu gobe. Ran na huɗu aka kira Alhaji, ashe shi ma bai san da rabin kuɗin ba.

Alƙali ya sa aka rubuta haya ɗaya tak, aka karanta da Hausa kowa ya ji. Ya ce ba mai tayar da tsohon mazauni sai da wa'adin wata shida.

A hanya wata ta tambayi Inno ko ta ji tsoro.

"Ƙafafuna rawa suke ta yi," in ji ta. "Zane ne ya rufa mini asiri."