Ƙanzon Shekara Dubu Bakwai

Shafi'u ya wanke su tas. Shekara tara yana koyar da ilimin kayan tarihi a Zariya, kuma ɗalibin ajin farko ma ya san ƙa'idarsa: katangar tukunya, wato ɓallin fasasshiyar tukunya, in ta fito daga ƙasa, ruwa da buroshi tukuna, sannan lamba. To da akwatin katangun da zai yi bincike a kansu ya iso ɗakin bincikensu a Lembah Pantai, can ƙasar waje inda yake ƙaro karatu, Farfesa Lim mai duba aikinsa tana taro a Penang, sai bawan Allah ya naɗe hannun riga.

Guda goma sha ɗaya ne, aro daga wani gidan tarihi a arewacin Sin, shekararsu dubu bakwai. Sai da aka yi shekara biyu ana rubuce-rubuce kafin a sake su. A kansu digirinsa na uku ya rataya, ga shi saura wata goma sha huɗu hutun karatunsa ya ƙare. Akwai takarda a saman akwatin, da rubutun Sinanci. Ya ajiye ta gefe, don karatunsa bai kai nan ba.

Ran Litinin Farfesa ta shigo ta tarar da su a jere kan tire, jawur. Ta ɗaga ɗaya, ta juya cikinta.

"Ina baƙin da ke ciki?"

"Dattin? Na fitar, Farfesa."

"Ƙanzo ne, lah," ta ce a hankali, da "lah" ɗin da mutanen ƙasar ke ƙarasa magana da shi. "Abin da suka dafa. Shi za mu gwada mu san ko gero ne ko shinkafa. Tukunyar ba ta dame mu ba."

Ya sani fa. Shi da hannunsa ya rubuta haka a babi na biyu na kundin digirinsa. Amma kai daban, hannu daban, hannun kuwa bai yi shawara da kowa ba.

Bai ji komai a ransa ba. Ko faɗuwar gaba. Yana dai kallon bakinta tana cewa gidan tarihin ba ya ba da aro sau biyu, yana kuma jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki.

"A ina ka zubar da ruwan?"

Ya nuna wurin wanke hannu. Ta je ta leƙa, ta daɗe a tsaye, ta fita ba ta ja ƙofa ba.

Shi ma ya je. Tun Juma'a masu shara sun bi wurin da sabulu. Duk da haka ya zura yatsa cikin ramin, ya zagaya, ya ɗago ya duba a haske. Ruwa ne kawai. Ya goge a wandonsa.