Ranar da Talibambam Suka Yi Ƙafa

Daminar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, mutanen Fagada ba su da hira sai ta sabuwar jiha, amma Almu manomin albasa ba ta ita yake ba. Ɗiyarsa Ummukulsum ta faɗo daga amalanken taki ta karye a cinya. Ɗantsoho mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare, ya kuma ja musu kunne: kada ta taka ƙasa sai ya ba da izini. In ƙashin ya goce, ta gurgunce ke nan.

To, yarinyar da ko cin tuwo a tsaye take yi, ita za ka ce wa ta kwanta? Kuka safe, kuka yamma. Rannan Almu na dawowa daga fadama ya ga talibambam, 'ya'yan kwaɗin nan masu wutsiya, sun cika wani kududdufi. Ya ɗebo su a ƙwarya, ya juye a tsohon kasko, ya ajiye gefen tabarmarta.

Matarsa Yalwa ta riƙe haɓa. "Malam, mutane na kiwon kaji, mu kwaɗi za mu kiwata?"

Amma fa ita ce daga baya take marmasa musu dafaffen alayyafo. Ummukulsum ta daina kuka. Ta raɗa musu suna: ga Tani, ga Yaro, ga wani ƙato mai babban kai, Sarkin Ruwa. Kowa ya shigo gidan sai ya leƙa kaskon kafin ya nemi wurin zama.

Shi kuwa Almu, in yana son faranta wa yaro rai bakinsa ba shi da linzami. Ya ce mata, "Kin gan su ba ƙafa? Ran da sunka yi ƙafa, ke ma rannan za ki tashi." Shi wasa ya yi. Ita ta riƙe maganar kamar karatun allo, kullum sai ta duba.

Wata hantsi ya dawo daga feshin irin albasarsa, wanda tsutsa ta sa wa ido. Ya tarar tana barci, ruwan kaskon ya yi kore yana tashin ƙarni. Ya ce bari ya yi abin kirki. Ya fitar da kaskon tsakar gida, ya tsiyaye, ya ja sabon ruwa a rijiya, ya zuba a bokitin da ke hannunsa, wanda yake dama maganin feshi a ciki. Ya ɗauraye shi, ba a ce bai ɗauraye ba. Ɗaurayar da ya saba ce, ta manomi mai sauri. Ya juye wa talibambam ruwan a kasko.

Kafin ya gama shan fura, duk sun birkice ciki sama.

Yalwa ta dubi kaskon, ta dubi bokitin, ta yi salati. "Da wanga ka zuba musu?"

Almu ya ajiye furar. Shi ya kawo su, shi ya kashe su, kuma yarinya na nan ciki tana jiran ƙafafunsu.

"In ta farka, ki ce kin kai su inuwa," ya ce a hankali.

Ya ruga fadama, kududdufin ya ƙafe sai taɓo, don an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Ya fita hanya ya tari ɗan kabu-kabu har Maiyama, daga nan aka kwatanta masa wani tafki a Kuberi. Magidanci da gemunsa, ya naɗe wando ya shiga ruwa yana bin 'ya'yan kwaɗi, masu wanki na ƙunshe dariya. Kunya ta hana shi tsayawa zaɓe. Ya kamfata da laka da komai, ya ɗura a jarka, ya juyo.

Bayan la'asar ya iso. Yalwa ta fito da wani kasko, ta ce wa yarinyar wancan ya tsage. Ƙarya ta hau kan ƙarya, Almu na tsugune yana jin kowacce a ƙirjinsa. Suka zauna suna jiran laka ta kwanta.

Ruwan na washewa Ummukulsum ta ƙwala ihu. "Baba! Sun yi ƙafa! Wallahi sun yi!"

Ya leƙa, gabansa ya faɗi. Na Kuberi sun girmi nata. Kowanne na jan ƙananan ƙafafu a gindin wutsiya.

Kafin ya ɗago ta dafa ƙasa, ta tanƙwashe lafiyayyar ƙafar, kararen ɗorin suna ƙara. Ya yi wuf ya danne kafaɗunta.

"Kwanta! Ba yau ba!"

"Kai ka ce! Baba, sake ni, kai ka ce!"

Tana fizga, fuskarta cike da murna, ga ƙafar na motsi. Ya san ko ya riƙe ta yanzu, yana juya baya za ta miƙe. Ya dubi Yalwa, ta sunkuyar da kai. Ba mai fitar da shi.

"Ummu, waɗanga ba naki ba ne," ya ce. "Naki sun mutu. Ni na zuba musu ruwan feshi. Waɗanga daga Kuberi na ɗebo su don kada ki sani."

Ta daina fizga. Ta daɗe tana kallonsa.

"Har Sarkin Ruwa?"

"Har shi."

Ta koma ta kwanta da kanta, ta juya fuska ga bango. Ƙafar ta tsira, amma da kuka ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya miƙa hannu zai shafa kanta.

"Inna," ta ce, ba ta juyo ba, "ki ce mishi ya fita."

Almu ya janye hannunsa, ya tashi ya fita.