Ranar da Mamana Ta Amsa

Ni dai Allah bai ba ni murya ba. Tun ina yarinya, idan na yi sallama sai na maimaita kafin a san mutum ya shigo. Sai kuma ya haɗa ni da miji mai kiran fasinja a tashar mota, wanda idan ya ce a miƙo masa gishiri, maƙwabta ma sai su fara laluben nasu. Muka zauna lafiya a haka, shi yana cika gida da magana, ni ina cika shi da ƙarar keken ɗinki, har muka sami 'yarmu ta fari.

Sunan mahaifiyata, wadda ta rasu ina da cikin yarinyar, aka sa mata. Bakina ba ya iya kama sunan, don haka nake ce mata Mamana. Sauran mutane kuwa 'Yar Baba suke ce mata, kuma da dalili. Da ubanta ya doso ƙofa ya ƙwala mata kira, ko tana ƙarƙashin gado sai ta fito a guje. Ni kuwa in tsaya a bayanta in ce Mamana, in sake, in ƙara, ko gezau. Sai ta ci gaba da jera ƙyallayen da suka zubo daga teburin yanka kamar ba da ita nake ba.

Surukata ta mayar da abin na nishaɗi. Duk baƙon da ya zo sai ta nuna ni ta nuna ɗanta, ta ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Nakan yi dariya tare da su, amma a raina na riga na yanke cewa 'yata ba ta sona, kuma abin yana cina ƙwarai. Wuri ɗaya kawai nake samunta, a goyo. Idan na goya ta ina taka keke ina 'yan waƙoƙina, na ce Mamana, sai in ji ta motsa ta manna kanta a bayana. Na ce wato katifa ta samu, bayan take so ba mai bayan ba.

Ga kuma ciwon kunne da ya zama ɗan gida. Mura kaɗan sai zazzaɓi, sai jan kunne da kuka, a sha magani ya lafa, kafin a juya ya dawo. Ta haura shekara biyu kalmominta ba su cika hannu ɗaya ba. Surukata ta ce a ƙyale ta, ubanta ma bai yi magana da wuri ba, da ya fara kuwa har yau bai tsaya ba. Wata nas ce a sashen yara na asibiti ta yi wa yarinyar magana ta baya, ta ga ba ta juyo ba, ta tura mu wajen likitar kunne.

Likitar ta leƙa da 'yar fitila, ta gwada da na'ura, sannan ta ce ruwa ne mai kauri ya taru a bayan dodon kunnen, duka biyun, ya ƙi tafiya. Yarinyar tana jin duniya ne kamar wanda ya tsoma kansa a bokitin ruwa. Babbar murya tana ratsawa, ƙarama ba ta kaiwa. Na juya na kalli ubanta, ya shiga gyara hularsa. Daga nan na tambayi zancen goyo, don shi ne ya ɗaure mini kai.

Likitar ta ce, “A goye ba da kunne kaɗai take jin ki ba. Muryarki tana bin ƙashin bayanki ta shiga kanta. Ke take saurare.”

Na ce a ba ni hanya zan shiga banɗaki. A can na buɗe famfo na yi kukana.

Maganin, in ji likita, ɗan bututu ne za a sa a kowane kunne. Surukata ta zaro ido, ita ta ɗauka irin na masu gyaran famfo ne, sai da aka nuna mata shi a tafin hannu, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Za a ɗan tsaga dodon kunnen, a zuƙe ruwan, a sa bututun don iska ta riƙa shiga, bayan wasu watanni ya faɗo da kansa. Aikin ba ya daɗewa, amma sai an sa ta barci. Wannan barcin ne ya tsaya mini a wuya.

Ranar tiyata aka ce ba ci ba sha. Ta nuna kofi, na ɓoye shi, ta bi ni da wani kallo da har yau ina tuna shi. Na goya ta ina kai da kawo a barandar asibiti. Ubanta kuwa nas ta roƙe shi ya rage murya, ya koma abin da shi yake kira raɗa, wanda ya tayar da wani dattijo daga gyangyaɗi a can ƙarshen benci.

Da aka zo ɗaukarta, nas ta ce mutum ɗaya ne zai raka ta ciki. Surukata ta kalli ɗanta, ai shi yarinyar take ji.

Na ce, “Ni zan shiga.”

Da muryata ta kullum na faɗa, amma babu wanda ya ce in maimaita. Ubanta ma na ga ya saki ajiyar zuciya, don tun da warin magani ya bugi hancinsa yake neman hanyar fita.

Aka sa mini doguwar riga da hula. Ɗakin sanyi ƙalau, fitilu a sama, kowa ya rufe baki da hanci. Da suka kawo abin shaƙar maganin barci ta fara turjewa, tana ture shi da hannu biyu. Na sunkuya na ɗora bakina a goshinta, daidai ƙashi, na kama waƙar da nake yi mata a kan keke, ina ce mata Mamana. Ta daina shure-shure. Na ji jikinta ya saki gaba ɗaya a hannuna, tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Nas ta dafa kafaɗata ta fito da ni, ina riƙe da takalmanta.

A waje na tarar da abin da ban taɓa gani ba, mijina zaune shiru. Ya sayo shayi ya ajiye a tsakaninmu, babu wanda ya taɓa. Bai gama hucewa ba aka kira mu.

Muka same ta ta farka tana 'yan koke-koke, da auduga a kunnuwa. Na ɗauke ta. Ubanta ya faɗo ɗakin, murna ta sa ya manta da duk roƙon nas, ya buɗe maƙogwaro kamar mota saura mutum ɗaya.

“Ina 'Yar Baba?”

Ta zabura, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, ta cusa kai a ƙirjina tana tsala ihu. Nas ta yi dariya ta ce ai ga shaida nan, aiki ya yi kyau. Shi kuwa ya ja da baya. Surukata ta ce yau dai gardi ya ga ta kansa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin raina.

A hanyar gida ba abin da bai ba ta mamaki ba. Odar mota, kukan kaza, har ƙarar ƙofarmu da ta daɗe tana neman mai. Ubanta ya yini yana koyon magana a hankali, abin tausayi abin dariya. Ni kuwa na ƙi kiranta. Tsoro nake ji. Idan yanzu tana ji, na kira ta ƙi juyowa, ba ni da sauran ruwan kunnen da zan ɗora wa laifi.

Washegari da hantsi gidan ya rage daga ni sai ita. Na ɗiga mata maganin kunne, ta koma wajen ƙyallayenta ta ba ni baya kamar kullum. Ina cikin haɗa hannun wata riga na ɗage ƙafa daga keke. Ɗakin ya yi tsit.

Na ce, “Mamana.”

Hannunta ya tsaya a kan ƙyalle. Ta juyo. Ta taso ta zagaya bayan kujerata, ta dafa bayana tana dubawa, inda ta saba jin sunan yana fitowa. Na sake faɗa. Sai ta dawo ta gabana, ta ƙura wa bakina ido, ta ɗora ɗan yatsanta a leɓena.

Ta ce, “Am.”

Na'am ɗin ke nan, irin nata. Ranar dai rigar mutane ba ta ɗinku ba. Ina kira, tana amsawa.