Ɓawon Lemun Tsami a Tukunyar Mama

"Rufe but ɗin nan, Yaya, kafin Mama ta leƙo ta gani."

"Ba zan rufe ba sai ka ɗauki kular nan ka shigar da ita ta ƙofar baya."

"Ba zan ɗauka ba."

Auta yana tsaye a ƙofar gida, hannuwansa a aljihu. Yayarsa tana riƙe da murfin but ɗin motarta, gumi na bin wuyanta. Hantsi bai gama ɗagawa ba, amma zafi ya riga ya sauka. A cikin but ɗin wata babbar kula ce naɗe da tawul, ƙamshin kaza da dankali yana fita ta gefen murfinta.

"Tun sassafe nake tsaye a kan girkin nan," in ji Yaya. "Irin nata ne sak. Juyewa kawai za ka yi a tukunyarta, ba wanda zai sani."

"Wato mu yi mata wayo a cikin gidanta."

"Mu rufa mata asiri dai. Kai ka manta bara?"

Bai manta ba.

Duk shekara, in zafi ya kankama yara suka samu dogon hutu, dangi sukan taru a gidan Mama yini guda. Kowa da abin da yake kawowa. Gwaggo, ƙanwar marigayi Baba, salak take haɗawa. Yaya taliya da kek. Matar Kawu shinkafa. Shi kuwa Kawu, ƙanin Mama, kankana yake rungumowa, don ita ce ba ta buƙatar wuta. Amma tsakiyar tabarma ta Mama ce: kaza da dankali, a cikin tsohuwar tukunyar nan mai lanƙwasasshen hannu. Kuma akwai dokar gida tun Baba yana da rai. Mama takan jefa dogon ɓawon lemun tsami guda ɗaya a girkin, duk wanda ya faɗo a farantinsa shi ne da wanke-wanke, ko da furfura ta cika masa kai. Kawu ya taɓa haɗiye nasa don ya tsere wa tukwane. Har yau ana yi masa tsiya.

Bara Mama ta zuba gishiri, ta manta, ta sake zubawa, ta kuma mantawa. Aka ci ana korawa da ruwa, ba wanda ya ce uffan. Sai da za a watse Kawu ya ja shi da Yaya gefe.

"Yau gishiri ne, gobe gas ne," ya ce. "In na dawo baɗi na tarar abin ya ƙaru, ta koma wajen yayarka, a rufe gidan nan. Ba shawara nake nema ba."

Gidan Yaya can saman bene yake. Babu tsakar gida, babu bishiyar gwaiba, babu maƙwabciyar da Mama za ta yi wa magana ta kan katanga. Auta ne yake zaune da ita, sai dai aikin gyaran wuta yana fitar da shi tun safe. Kafin ya fita yakan rufe tukunyar gas tam, ya kuma bar mata abincin rana a kula. Wannan bai gaya wa Kawu ba.

"Bana ni zan tsaya da ita," ya ce wa Yaya. "Na auna gishirin. Na ɓoye sauran."

"Kai da ko ƙwai ba ka iya soyawa ba."

"Ba ni zan dafa ba. Ita za ta dafa."

Yaya ta dube shi, ta sauke numfashi, ta buga murfin but ɗin.

"Kular tana nan," ta ce. "Taurin kai kamar Baba."

A kicin Mama ta riga ta ɗaura zani a kan rigarta, ta jera kayan girki a tebur.

"Kai, matsa min daga haske. Tsawo kamar falwaya, ba amfani."

Ya matsa. Ya jingina da firji yana kallo.

Safiyar nan sau biyu ta tambaye shi ko wace rana ce. Amma da ta kama wuƙa, sai ka ce ba ita ba. Ta soya kazar a mai kaɗan har ta yi ja, ta kwashe. Ta zuba albasa a man, ta bar ta ta yi laushi, sannan dakakkiyar tafarnuwa da citta. Tumatir ya biyo baya. Ta mayar da kazar, ta zuba ruwan zafi, ba na sanyi ba.

"Ruwan sanyi yana sa nama ya ɗaure fuska," ta ce. "Kamar kai."

Karas ya fara shiga. Dankali sai daga baya, manya-manyan yanka, don kada ya narke ya zama kunu. Ta miƙa hannu inda buhun gishiri yake zama, sai ta ci karo da ɗan kofi. Ta leƙa cikinsa, ta leƙa Auta.

"Tsada ya yi ne?"

"Saura ke nan."

Ta kwashe da yatsu ta barbaɗa. Ba ta ɗanɗana ba. Ba ta taɓa ɗanɗana girki a kan wuta ba, cewa take hannunta ya sani.

Sannan ta ɗauki lemun tsami. Ta ɗora bakin wuƙa a samansa, ta riƙa juya shi a hankali, ɓawon yana sauka siriri, kore shar, bai tsinke ba. Ba ta haɗa da farin da ke ƙarƙashinsa ba, shi ne mai ɗaci. Ta ɗaga shi yana lilo a yatsunta.

"Bana Kawunku ne," ta ce, tana dariya ƙasa-ƙasa. "Da idona zan ga ya wanke tukunyar nan."

Ta jefa shi, ta tura shi ƙasa da ludayi, ta rufe.

Auta ya yi murmushi. Har ya so Yaya ta shigo ta gani.

A waje aka yi hon. Muryar Gwaggo ta riga ta shigowa.

"Ina mai wutar gidan nan? Fankar tsakar gida ta ƙi tashi, za mu dahu kafin abinci ya dahu!"

Ya fita. Wayar da ya ja daga falo ce ta kwance a soket. Ya durƙusa da sukurudireba, yara suka kewaye shi, Kawu ya tsaya a kansa rungume da kankana yana ba shi shawarar da bai nema ba. Fanka ta tashi. Gwaggo ta ce ta yi ƙara. Ya sake daidaita ta.

Da ya koma kicin, abin da ya fara gani kujera ce a gaban firji. Sannan buhun gishiri a tebur, bakinsa a buɗe.

"Wani shashasha ya ɗora gishiri a saman firji," in ji Mama, tana goge hannu. "Saura kaɗan in sauke girki lami."

"Mama, hawa kika yi?"

"A'a, tashi sama na yi. Rage wutar nan, zan watsa ruwa in canza kaya. Kada ka taɓa min tukunya."

Ya jira har ya ji ƙarar ƙofar banɗaki. Ya buɗe murfi. Girkin ya yi kyau, man ya taso ja a sama, dankalin bai fashe ba. Ya ɗiba a cokali, ya hura, ya kai baki.

Harshensa ya naɗe. Ya tofar a kwatami.

Ba zubi ɗaya ta ƙara ba. Ya tsaya da cokalin a hannu. Ya taɓa jin ana cewa ɗanyen dankali yana shanye gishiri, amma wannan ko buhu guda aka zuba ba zai shanye ba. In ya ƙara ruwa, miyar ta lalace. Ta taga yana jiyo Kawu yana tambayar yara ko kakarsu tana gane su duka. Cikin wasa yake tambayar, amma Auta ya san ba wasa ba ne.

Ya mayar da kujerar wurinta. Ya buɗe ƙofar baya.

Yaya tana tsaye a wurin, kular a ƙafarta. Bai san tun yaushe ba. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta kawo babbar roba, suka juye nata girkin a ciki. Ya ɗaga tukunyar Mama da tsumma, ya tuttule ta a kular, tururi ya rufe masa fuska. Yaya ta ɗauraye tukunyar da sauri, suka zuba nata, ya mayar kan wuta.

"Komai kin saka?" ya tambaya, bai dube ta ba.

"Har citta. A gabanta na girma, Auta."

Shi ya ɗauki kular ya zagaya ta bayan gida ya sa a but. Ta fi yadda ya zata nauyi, ko kuwa hannunsa ne.

Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar gwaiba. Aka jera kwanuka, kowace mace tana satar kallon na 'yar'uwarta. Gwaggo ta buɗe shinkafar matar Kawu ta ce, "Bana dai ba ta caɓe ba, an gode Allah." Matar Kawu ta ce salak ai yanka ne, ba girki ba. Yara suka yi layi a gaban kek, Yaya tana kore su da murfin kwano.

Mama ta fito cikin shuɗin yadinta, tana ƙamshin sabulu. Auta ya ɗauko tukunyar ya ajiye a tsakiya. Ita ta raba da hannunta, kamar kullum, daga babba zuwa ƙarami.

Kawu ya kai cokalin farko a hankali, kofin ruwa a kusa da gwiwarsa. Ya tauna. Ya sake ɗiba. Ya ture kofin gefe.

"Yaya," ya ce wa Mama, "hannun nan yana nan ashe."

"Da ina zai je, mai kankana?"

Aka yi dariya. Kawu ya matso kusa da Auta, ya rage murya.

"Wataƙila na yi gaggawar magana bara. Ka ga ta yi ras da ita."

Auta ya gyaɗa kai. Ya dubi Mama. Tana cin nata kaɗan-kaɗan, tana kallon jikokinta, iskar fanka tana kaɗa gefen ɗankwalinta. Bai taɓa ganin ta zauna daram a wani wuri kamar yadda take zama a gindin bishiyar nan ba. Ya ce a ransa, to, an wuce.

Yara kuwa tun ɗazu suke tona farantansu da cokali, kowa yana leƙen na kusa da shi. Aka yi ƙari. Aka suɗe. Kawu ya ɗauko wuƙa zai fasa kankana.

"Dakata," in ji Mama. "Ba a tashi ba tukuna. Wa ya samu ɓawo?"

Yaya ta dubi Auta. Ɓawon yana cikin kula, kular tana cikin but. Yaya ta saka citta, ta saka komai, amma ɓawo ba ya cikin abin da ake ɗanɗanawa, bai faɗo mata a rai ba. Shi ma da ya gani da idonsa bai tuna ba.

"Kaka, Kawu ya sake haɗiyewa!" in ji wata jika.

Tsakar gida ta ɗauki shewa. Kawu ya ɗaga hannu biyu.

"Wallahi bana ban gan shi ba. Ku duba bakina in kuna so."

"Wa zai duba wannan kogon?" in ji matarsa.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta jawo tukunyar, ta karkata ta, ta bi gindinta da ludayi. Ɗan romo ne da guntun karas. Ta sake bi. Ƙarar ludayin ta sa shewar ta lafa.

"Bar shi mana," in ji Gwaggo, da murya mai taushi. "Wataƙila mantawa kika yi ba ki saka ba. Ba komai, ni zan wanke."

Auta ya ga Kawu ya ajiye wuƙar. Murmushin ɗazu ya bar fuskarsa, ya koma yi wa Mama irin kallon bara. Yaya ta sunkuyar da kai tana tattara ƙasusuwa a faranti ɗaya.

In ya ce ta saka, za a tambayi inda yake, daga nan sai but. In ya ce ba ta saka ba, ya yi mata ƙarya a kan abu ɗaya da ta yi daidai yau, kuma Kawu yana ji. Fanka tana ta juyawa. Wani yaro ya tambaya ko za a fasa kankanar, uwarsa ta kwaɓe shi.

Mama ta saki ludayin a tukunya. Ta dubi yatsunta, ta shinshina su, kamar tana neman ƙamshin lemun da sabulu ya wanke. Sannan ta ɗago ta nemi fuskarsa a cikin mutane. Babu faɗa a muryarta. Tambaya take yi tsakani da Allah, irin ta wanda ya daina yarda da kansa ya koma yarda da wani.

"Auta, kai kana tsaye a wurin. Na saka, ko ban saka ba?"